Neman shawara: littattafan soyayya da na yara masu hotuna don hutun Kirsimeti

Maman Tagwaye, Gombe

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku, da fatan an shiga hunturu lafiya. Shawara nake nema a kan littattafan da za a karanta a gida cikin hutun Kirsimetin bana. Kamar yadda muka saba, dangi za su hallara a Billiri tun kafin ranar 25 ga Disamba har a shiga sabuwar shekara. Gidan zai cika da yara 'yan shekara huɗu zuwa tara, ga kuma 'yanmata da sababbin amare masu son labarin soyayya. Burina shi ne tsarabata ta bana ta zama littattafai, domin a samu abin da zai tara mu wuri guda da dare bayan an sauke tukunya, maimakon kowa ya duƙufa a kan wayarsa.

Abu biyu ne suka tsaya mini. Littattafan yara da nake gani a shaguna kusan duk daga Turai da Amurka suke, cike da dusar ƙanƙara da tsoho mai jajayen kaya da ke shigowa gida ta mafitar hayaƙi. Ina shakkar ko yaranmu za su fahimce su, kuma ina tsoron haihuwar Yesu, wadda ita ce dalilin bikin, ta ɓace a tsakanin waɗannan hotuna. Na biyu, bangon littattafan soyayya ba ya nuna abin da ke ciki, ni kuwa ba na so in miƙa wa ƙanwar mijina littafin da zai ba mu kunya idan surukarmu ta ce a karanta mata. Labari nake so mai sanyaya zuciya, wanda yake ƙarewa da aure ko da sulhu. Idan akwai na Hausa, ya fi mini.

Baba Malam, Kaltungo

'Yata, Allah ya yi miki albarka saboda wannan niyya. Na tsufa ina koyarwa a firamare da kuma makarantar Lahadi, don haka a kan yara zan tsaya, in bar zancen soyayya ga waɗanda suka fi ni saninsa.

Ki fara da labarin haihuwar Yesu kansa. Littattafan labaran Littafi Mai Tsarki masu hotuna ba su da wuyar samu a shagunan littattafai na ikilisiyoyi, kuma idan kina da mai zuwa Jos, shagon Challenge ya daɗe yana sayar da irinsu. Ko da rubutun cikin na Turanci ne, wannan ba cikas ba ne. Ki buɗe wa yaran hoton, ke kuma ki karanta musu Luka sura 2, aya 1 zuwa 20, da Matiyu sura 2 daga Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda yake hannunmu cikakke tun 1932. Inda ƙananan suka kasa bi, kakarsu ta maimaita musu da Tangale.

Ina so ki lura da wani abu da mukan manta. Labarin nan ya fi kusa da yaron Billiri fiye da yaron Landan. Kaisar Augustas ya ba da umarnin ƙidaya, kowa ya kama hanyar garinsu, garin Baitalami ya cika har Yusufu da Maryamu suka rasa masauki. Yaranmu suna ganin haka kowace Disamba, lokacin da tasha take cika maƙil kuma ake shimfiɗa wa baƙi tabarma a zaure. An kwantar da jariri a komin dabbobi, su kuwa sun san komi domin suna zuba wa awaki harawa. Makiyaya suna kwana a fili suna tsaron garke, su kuma suna ganin makiyaya a bayan gari da zarar an kawar da amfanin gona. Ba su bukatar a yi musu dogon bayani a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa ra'ayina shi ne ki ajiye littattafan ƙanƙara a gefe.

Idan za ki zaɓi littafi mai hotuna, ki rufe rubutun da tafin hannunki ki bi hotunan kaɗai daga farko zuwa ƙarshe. Idan kin gane labarin ta haka, littafin zai yi wa ɗan shekara huɗu. Idan ba ki gane ba, ki bar wa mai shago kayansa komai ƙyallin bangon. Ki duba ɗinkin kuma, domin wanda aka manna da gam kawai ba ya jure hannun yara da bushewar hunturu.

Na Hausa kuwa, akwai shafuka biyu a intanet da ake sauke littattafan yara kyauta, wato African Storybook na wata ƙungiya a Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya. Dukansu suna da labarai da Hausa, an jera su daki-daki bisa ƙarfin karatun yaro, kuma sun yarda a buga su a takarda a raba. Yawancinsu ba na Kirsimeti ba ne, amma za ki samu na zumunci da kyauta da ziyarar kaka, waɗanda suka dace da lokacin. Wajen karantawa, ki bi tsarin tatsuniya: kada ki juya shafi sai kin tambaye su abin da suke zaton zai faru, kuma kada ki ƙi idan suka ce a sake wanda aka karanta jiya.

Mai Son Karatu, Yelwa, Bauchi

Yaya Maman Tagwaye, sannu da ƙoƙari. Baba, ina neman afuwa, zan ɗan saɓa muku a wuri guda. Na yarda a fara da Luka, amma ban ga dalilin hana yara littattafan ƙanƙara ba. Yaro yana son abin da bai sani ba kamar yadda yake son abin da ya sani, kuma tambayar da zai yi a kan ƙasar da ruwa yake daskarewa ita ce mafarin iliminsa na duniya. Akwai The Snowman na Raymond Briggs, wanda ya fito a Ingila a 1978, babu kalma ko ɗaya a cikinsa sai hotuna, don haka kowa zai ba da labarinsa da harshen da ya ga dama. Sai dai a shirya wa ƙarshensa, domin mutum-mutumin ƙanƙarar yana narkewa da gari ya waye, kuma ƙaramin yaro yana iya yin kuka. Ga 'yan shekara bakwai zuwa tara, marubuciya Atinuke, haifaffiyar Nijeriya, tana da jerin labaran Anna Hibiscus, kuma a ɗaya daga cikinsu yarinyar ta bar gidansu na Afirka ta je Kanada wurin kakarta ta yi Kirsimeti. Ta idon yarinya irin tasu za su kalli sanyin, wannan kuwa ya bambanta da a nuna musu shi kamar shi ne ainihin bikin.

Batun soyayya, damuwarki tana kan hanya. Kamfanin Mills & Boon, wanda aka kafa a Ingila a 1908, da Harlequin na Kanada da ya saye shi a 1971, suna fitar da littattafan Kirsimeti kowace shekara, kuma su ne suka fi yawa a wurin masu gwanjon littattafai. Abin da ya kamata ki sani shi ne an kasa su rukuni-rukuni, kuma sunan rukunin yana jikin bangon. Wasu rukunan suna bayyana abin da al'adarmu take sakayawa. Wanda ake kira Love Inspired an yi shi ne musamman don masu karatu Kirista, akwai addu'a da zuwa sujada a ciki, kuma ba ya ƙetare iyakar kunya. Shi za ki nema da suna. Littattafan Debbie Macomber na Kirsimeti ma galibi masu tsabta ne. Duk da haka ki karanta babi biyu daga tsakiyar kowane littafi kafin ki ba wani.

Zubinsu kusan ɗaya ne. Mace ta dawo ƙauyensu daga birni don hutu, ta haɗu da wanda suka rabu tuntuni ko wani da matarsa ta rasu ta bar masa yaro, wani tsohon saɓani ya taso, a warware shi kafin daren biki. Wasu suna raina su saboda an san ƙarshensu tun daga shafin farko, ni kuwa ina ganin wannan tabbacin ne yake sa mutum ya karanta su hankali kwance bayan gajiyar shekara.

Amma don karatun dare a tsakar gida, inda surukai suke zaune, gajeren labari ya fi. Ki nemi The Gift of the Magi na O. Henry, wanda aka buga a Amurka a 1905. Wasu matalautan ma'aurata ne, matar ta sayar da dogon gashinta ta saya wa mijin sarƙar agogo, shi kuma ya sayar da agogon ya saya mata matajan ƙawa. Shafukansa kaɗan ne, yana nan kyauta a intanet, kuma mai iya Turanci zai iya karanta shi da rana ya ba da shi da Hausa da dare. Duk amaryar da ta shiga Disamba tana lissafin kuɗin ɗinki da na shinkafa za ta ji shi a jikinta.

Sannan kada a manta da littafin Rut. Sura huɗu ne kawai, kuma mafi yawansa a Baitalami ya faru, a lokacin girbin sha'ir. Gwauruwa baƙuwa ta ƙi rabuwa da surukarta Na'omi, ta fita kala a gonar Bo'aza, ya lura da ita, ya umarci masu girbi su riƙa barin mata zangarniya da gangan, daga bisani ya aure ta a gaban dattawan gari. Jikansu Yesse shi ne mahaifin Dawuda, kuma sunan Rut yana cikin asalin Yesu a Matiyu sura 1. Ban san labarin soyayyar da ya fi wannan dacewa da gidan da suruka da amare suke zaune tare ba.

Alhaji Mai Littattafai, Wunti, Bauchi

Maman Tagwaye, barka da shirye-shiryen biki, Allah ya kai mu lafiya. Ni Musulmi ne, amma sana'ata sayar da littattafai, kuma a Disamba masu ciniki irinki suna yawa, shi ya sa na ga ya dace in sa baki a kan tambayarki ta ƙarshe.

Littattafan soyayya na Hausa suna da yawa ƙwarai. Tun shekarun 1980 Kano take fitar da su, mata ne suka fi rubuta su kuma su suka fi karanta su, yanzu kuma yawancinsu sun koma WhatsApp da Wattpad. Sai dai rayuwar gidajen Musulmi suke nunawa, da azumi da Sallah da lefe da zaman kishiyoyi. Wanda aka gina a kan Kirsimeti bai taɓa shigowa shagona ba, alhali ana tambayata shi. Masu karatun suna nan daga Tafawa Balewa da Bogoro har Kaltungo da Tula, Hausa suke waƙa da ita a majami'a, da ita suke ciniki, amma idan suna son labarin soyayya na bikinsu sai sun koma Turanci.

Abin da yake ba ni mamaki shi ne kayan labarin duk suna ƙasa a zube. Ga tela da ya karɓi ɗinki fiye da ƙarfinsa, ga ɗan gidan da ya dawo daga Legas bayan shekaru, ga bukukuwan aure da ake jerawa a ƙarshen shekara, ga kwanon shinkafa da nama da ake aika wa maƙwabci Musulmi, shi kuma ya rama da Sallah. Ni kaina ina cin wannan shinkafa kowace shekara. A cikin 'yanmatan gidanku ko na Zumuntar Mata ba za a rasa mai alƙalami ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata marubuta gajerun labarai, ba ta tambayar addinin mai shiga. Idan aka samu wadda ta rubuta mai kyau aka buga shi, ni zan fara ajiye shi a kan teburina.

Game da saye, ki zo da wuri, tun farkon wata, domin masu kyan suna ƙarewa. Idan na gwanjo ne, ki duba shafin ƙarshe kafin ki biya, saboda shi ne ya fi yawan yagewa.

Maman Tagwaye, Gombe

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, zan bi maganarku in fara da Luka a daren farko, amma ku yi mini haƙuri, zan saka littafin ƙanƙara guda a cikin kayan kamar yadda ƙanwata Mai Son Karatu ta ce, domin tagwayena sun riga sun fara tambaya a kansa. Littafin Rut kuma surukata zan roƙa ta buɗe mana shi da bakinta, tunda ta fi mu iya ba da labari.

Alhaji, maganarka ta tsaya mini a rai. Akwai wata yarinya a ƙungiyar mawaƙanmu da take rubuta wasan kwaikwayon da yara suke yi a majami'a kowace Kirsimeti, kuma zan kai mata wannan zance ranar Lahadi. Abin da ya rage shi ne mai zane. Idan akwai wanda ya san matashi a Gombe ko Bauchi da ya iya zana yara da awaki da tsakar gida irin namu, ina roƙo ya sanar da ni, ko da sai baɗi aikin zai kammala.