Neman shawara: zan sauke aksil ɗin gaba na tsohuwar 207D

Mai 207: Assalamu alaikum, manyanmu. Ina da Mercedes 207D ƙirar 1984, mai aksil ɗin gaba na ƙarfe guda da sifirin mai ganye. Kimfin na dama, wato sandar ƙarfen da ƙafar taya ke juyawa a kanta a bakin aksil, ya ci, taya tana kaɗawa, sitiyari kuma sai kokawa. Kwana biyu ina dukansa da guduma, ko gezau. Na yanke shawarar sauke aksil ɗin gaba ɗaya in kai a matse shi da injin matsi, amma ban taɓa yi ba. Ta ina zan fara? Jak ɗaya gare ni.

Ɗan Gareji: Wa alaikumus salam. Ka cire ɗan makullin da ke riƙe kimfin ɗin kuwa? Sau da yawa shi ake mantawa, mutum ya yi ta duka a banza. In ka cire, sa masa wutar gas, zai fito ba sai ka sauke komai ba.

Tsohon Bakanike: Ɗan Gareji, batun makulli ka yi gaskiya, amma wuta a'a. Ƙarfen aksil an gasa shi ne tun daga masana'anta. In ka sa shi ya yi ja, ramin zai yi laushi, sabon kimfi ba zai zauna daram ba. Yaro, sauke shi kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne jak ɗayan nan naka. Kada ka soma sai ka samo ƙafafun ƙarfe biyu masu ƙarfi. Ka tsaya a ƙasa mai tauri wadda ba gangara, ka ja birkin hannu, ka sa waiji gaba da bayan tayoyin baya. Sassauta notocin taya tun mota na ƙasa. In ka ɗaga, ƙafafun a ƙarƙashin shasi za su zauna, bayan sifirin, ba a ƙarƙashin aksil ba, tunda shi za ka cire. Na ga wanda ya yi wannan kuskuren, sai da ya kwance rabin aiki ya gane. Bulo kuwa ko kusa, fashewa yake yi ba sallama.

Daga nan ka raba sandar da ta taho daga akwatin sitiyari, ka kwance shokozoba ta ƙasa. Kan birki, wato abin da ke matse faifan birki, ka cire shi ka rataye da waya a jikin shasi, kada ya yi lilo a kan tiyo. In ba ka buɗe tiyon ba, ka huta da fitar da iska daga baya. Sai ka tallafi tsakiyar aksil da jak, sannan ka taɓa yubol, wato lanƙwasassun ƙarafan da ke ɗaure aksil da sifirin. Ka sassauta su kaɗan-kaɗan, nan da can, ku sauke a hankali ku biyu, don yana da nauyi kuma yana son juyewa.

Direban Dare: Ƙari a kan maganar Baba: in ka tarar da ɗan siririn ƙarfe mai kamar waiji tsakanin sifirin da aksil, ka yi masa alama da fenti kafin ya faɗo. Ni na mayar da nawa a juye, mota ta dinga yawo a titi, sitiyari ya ƙi dawowa da kansa bayan kwana.

Mai 207: Allah ya saka da alheri. Makullin na cire tun farko. Baba, tsofaffin yubol ɗin fa, zan iya mayarwa? Tsatsa ce kawai a jikinsu.

Tsohon Bakanike: Sun riga sun miƙe, sayi sababbi. Ka jiƙa notocin da man tsatsa tun daren yau, wanda ya ƙi ka yanke shi. Wajen mayarwa ka tabbata kan santabol, ƙusar da ke tsakiyar ganyen sifirin, ya faɗa raminsa a jikin aksil, kuma ɗaurin ƙarshe sai mota ta sauka kan tayoyinta. Ka kai a saita tayoyi, bayan 'yan kwanaki ka sake bin yubol ɗin da sifana. Tunda aksil na ƙasa, ka canza kimfin na hagu ma.

Mai 207: To Baba. Ƙafafun ƙarfen zan fara nema gobe in Allah ya kai mu.