Neman shawara: firizata ta daina daskarar da kaya a gareji

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku agaza min, kwana uku ke nan hankalina ba a kwance yake ba. Ina da firiza irin ta kwance mai murfi a sama, lita 300. Shekara uku da suka wuce na saye ta a Sabon Gari da kuɗin adashen matan layinmu a Sheka, ni ce ɗaukar ƙarshe, kuma duk da haka sai da na sayar da zobena na gwal na cike. Da ita nake zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, a ciki nake biyan kuɗin Islamiyyar yara, ba na jira sai Abban Ilham ya miƙo. A ɗakin tsakiya take da. Bayan Babbar Sallah sai Hajiyarsu ta dawo wurinmu saboda ciwon gwiwa, aka gyara mata ɗakin. Wallahi ba ƙorafi nake ba, uwa ce, ni da bakina na ce a ba ta. Kicin ɗina kuwa in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita, shi ne Abban Ilham ya ce a kai ta gareji tunda ya sayar da motar. Duk damina da hunturu lafiya lau, ƙanƙara kamar dutse. Tun da zafin nan ya kankama ta canza. Sai ta yi gurnani "huuu" kamar za ta tashi, sai ka ji "ƙyat", ta yi shiru, can anjima ta sake. Jikinta zafi rau, hannu ba ya zama. Sau biyu kunun aya yana tsami ina zubarwa. Jiya kuma Ilham ta je ɗauko ruwa ba takalmi, ta ce ƙarfen murfin ya ja ta. Ga shi na karɓi kuɗin zoɓon biki, gora 200, ranar Asabar. Ta mutu ne ko da sauran gyara?

Ummu Sadiq:
Wa alaikumus salam. Gas ne ya ƙare, 'yar uwa, haka tawa ta yi. Amma ki tsaya a kan mai gyaran ya yi a gabanki. Ni wani na ba wa a unguwarmu, wata uku tana shagonsa, yau gobe, da ya dawo da ita ashe ya cire min kwamfireso, wato injin firizar, mai kyau ya sa tsohuwa. Na bar shi da Allah.

Baban Walid mai wayarin:
Maman Sadiq, yi haƙuri, gas ɗin firiza ba irin na girki ba ne da ke ƙarewa da amfani. A rufe yake cikin bututu yana zagayawa, sai in bututun ya huje. Kuma wadda gas ɗinta ya zube injinta ba ya tsayawa, aiki yake yi ba hutu, sanyi ne babu. Wannan "huuu" da "ƙyat" ɗin injin ne yake son tashi ya kasa, sai ɗan abin kariyar da ke jikinsa ya yanke wutar don kada ya ƙone. Maman Ilham, kafin komai ki je ki zare ta yanzu, abin da ya ja yarinya ba a kwana da shi a jone. Sannan ki amsa min: daga ina take samun wuta? Rufin garejin da silin ko kwano ne tsirara?

Maman Ilham:
Daga kicin aka jawo, Malam. Ekstenshin biyu ne aka haɗa, aka bi da su ta taga. Rufin kwano ne kawai. Amma ai haka take tun ranar da aka kai ta, wata da watanni ba ta taɓa yin komai ba.

Baban Walid mai wayarin:
To an zo wurin. Taɓa filogin da ya haɗa ekstenshin biyun, na tabbata za ki ji shi da ɗumi, wataƙila har robar ta fara baƙi. Wutarmu bolt 230 ya kamata ta zo, amma a bazara kowa ya kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki, sai ta iso gida ba ƙarfi. Ɗan abin da ya iso kuma siririyar waya mai tsawo ta sake rage shi. Shi kuwa injin firiza a daidai lokacin tashi yana jan wuta ninkin ba ninkin abin da yake ja in ya daidaita. A hunturu ya samu ya wuce, yanzu ba zai iya ba. Maganinta soket nata na kanta a garejin, mai amfiya 13, da waya mai kauri 2.5 tun daga akwatin raba wuta, da birekarta daban, da wayar at, wato mai kai wutar da ta zubo cikin ƙasa, wadda aka haɗa da ƙasa da gaske. Yawancin ekstenshin masu araha in kin fasa, waya biyu ce a ciki, ƙafa ta ukun ado ce kawai. Shi ya sa wutar da ta zubo a jikin firizar ba ta sami hanyar shiga ƙasa ba sai ta ƙafar Ilham.

Na biyu zafi. Duba takardar da ke manne a bayanta, akwai harafi. In N ne, an gina ta ne ta jure zafin wuri zuwa digiri 32, ST zuwa 38, T zuwa 43. Kano a watan Afrilu tana taka 40 a inuwa, to ƙarƙashin kwano da azahar fa? Irin ta kwancen nan bututun fitar da zafinta a cikin bangon jikinta yake, don haka ɗuminta ba laifi ba ne, amma tana buƙatar iska ta ko'ina. Ki janye ta daga bango kamar taki ɗaya, ki ɗora ta a kan katako, ki share ƙurar hunturu daga ragar wurin injin.

Hajiya Yaya:
Yaran zamani kun cika tsawaita magana. Ni shekara ashirin ina sayar da ƙanƙara a Kurna, buhun algarara nake jiƙawa in lulluɓe tawa, in ɗora tsohon bargo. Ba ta taɓa ba ni kunya ba. 'Yata, gwada wannan.

Baban Walid mai wayarin:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma wannan kam a'a. Bargo a kan murfi in an ɗauke wuta, na yarda, yana riƙe sanyi. Cikakkiyar firiza in ba a buɗe ta ba takan kai kwana biyu da sanyinta, rabi kuma kwana ɗaya. Amma a lulluɓe jikinta tana aiki, an toshe mata numfashi ke nan. Ruwa kuma a jikin abin da yake jan mutum, Hajiya, ai neman rai ne.

Abu Hanif:
Duk wannan bayanin sai da wutar ai. Mu a Dorayi sau biyu muna haɗa kuɗin gyaran taransifoma gida-gida, har yau in an kawo ƙwan fitila ja yake yi kamar garwashi. Kun manta Oktoban 2024 da Arewa ta yi kwanaki a duhu? Naman da na ajiye duka na rabar. Tun daga nan na haƙura. 'Yar uwa, sayar da ita ki sayi mai sola, ki huta.

Maman Ilham:
Abu Hanif, wadda ta sayar da zobe kafin ta cike kuɗin wannan, ina ta ga kuɗin sola? Baban Walid, na duba, ST aka rubuta. Filogin kuma gaskiya ya ɗan narke ta gefe ɗaya. Janye ta daga bango ne zai yi wuya, don janareta na gefenta, ga jarkar mai, ga babur ɗin ƙanin Abban Ilham da buhunan masara.

Baban Walid mai wayarin:
Innalillahi. Jarkar fetur a gefen filogin da ke narkewa? Ƙanwata, wannan ya fi maganar zoɓo. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, kuma injin firiza da abin da ke yin "ƙyat" ɗin nan a ƙasa suke. Tartsatsi ɗaya ya isa. Firizar kanta in sabuwar fita ce, yawanci gas ɗinta R600a ne, shi ma yana kama wuta. A cikin garejin kuke tayar da janaretan?

Maman Ilham:
A ciki, amma muna ɗan buɗe ƙofar. An taɓa ɗauke mana ɗaya a tsakar gida da asuba, shi ya sa. Kuma jarkar a rufe take gam, ni ba sakarya ba ce, ina kula. Ni dai firizar na tambaya.

Maman 'Yan Biyu:
Ba wanda ya ce ke sakarya ce, Anti. Amma hayaƙin janareta akwai guba a cikinsa wadda ba ta da wari, mutum barci kawai zai ji. In garejin na jikin ɗakin Hajiya, don Allah ku fitar da janaretan waje ku sa masa sarƙa. Zafinsa ma ai firizar yake dafawa.

Abban Khairat:
Ni ban yarda sai an ja sabuwar waya ba. Sitabilaiza, na'urar daidaita ƙarfin wuta, take buƙata, mai 1500 ko 2000, irin mai jinkiri, wadda in an kawo wuta take jira kamar minti uku kafin ta saki. Ita ce ta ceci tawa a Hotoro, don wutarmu ɗauke-kawo ce. Masu wayarin dai komai sai sun ce a fasa bango.

Baban Walid mai wayarin:
Jinkirin yana da amfani, ban musa ba, injin da aka kashe yana son mintuna kafin ya sake tashi. Amma sitabilaiza ba ta ƙirƙirar wuta. In ta ga ƙarfi ya yi ƙasa, ƙara ja take yi ta cikin wayar don ta cike, wato filogin da ya fara narkewa zai ƙarasa. Kuma ba ta hana jan mutum. Waya da at tukuna, sannan ita. Shekara goma sha takwas ina wannan aikin, ba kuɗin kowa nake nema a nan ba.

Maman Ilham:
Ai ko fasa bangon ma ba zai yiwu ba, gidan haya ne, mai gidan ko ƙusa ba ya so a kafa. Na yi wa Abban Ilham maganar janareta ya ce sai ƙarshen wata in ya sami mai walda ya yi masa keji. Ba zan matsa masa ba, hidimar asibitin Hajiya ta isa.

Baban Walid mai wayarin:
Ba sai an fasa ba, a kan bango ake bi da ita cikin bututun roba, aikin yini ɗaya ne. Jarkar dai ki fitar da ita yau, wannan ba ya buƙatar mai walda. Kuma a kira wanda zai auna jikin firizar ya gano inda wutar ke zubowa, ɓera ma yana iya cin waya tunda ga masara a wurin.

Ummu Sadiq:
Ni dai har yanzu ina nan a kan gas. Ku jira ku gani.

Maman Ilham:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na aiki yaro Sabon Gari ya sayo ekstenshin ɗaya doguwa mai kauri, in ya so a cire biyun. Yara kuma na hana su zuwa wurin. Tambayata, in na bar ta a kashe da rana, na kunna daga sha ɗayan dare lokacin da wuta ke ƙarfi, gora 200 za su daskare kafin Asabar? Yau Laraba, kuma na riga na jiƙa zoɓon.