Inda muka ci karo da kalmar "peep": tsakanin leƙe da kukan ɗan tsako

Mai buɗe zance, malamin Turanci a makarantar sakandare, Zariya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattara abin da kowannenmu ya gani game da wata kalmar Turanci guda ɗaya, wato "peep", musamman a lokacin da ya gamu da ita a wurin da ma'anar da ya sani ta ƙi zama. Yawancinmu a ɗakin jarrabawa muka fara jin ta, daga bakin mai sa ido yana gargaɗin kada kowa ya leƙa takardar wani, saboda haka muka tashi da sanin cewa leƙe kaɗai take nufi. A zangon karatun da ya wuce na ba 'yan aji huɗu wani ɗan labari na auna fahimta, inda aka ce 'yan tsaki sun kwana suna "peeping" a cikin kwandon da aka rufe da tsumma har mai gida ya kasa barci, kuma kusan duk ajin suka rubuta cewa 'yan tsakin leƙe suke yi. Leƙe ba ya hana mutum barci, kuma wanda aka rufe da tsumma a cikin duhu ba shi da abin leƙawa, amma yaran ba su da laifi, domin abin da aka koya musu ke nan.

Manyan ƙamusoshin Turanci suna raba kalmar gida biyu, kowanne da tarihinsa. Ta farko kwaikwayon sauti ce, wato siririn kukan ɗan tsuntsu ko tsuwar ɓera, ta bayyana a rubuce wajen shekara ta 1400, kuma tana da 'yan'uwa a Jamusanci da yaren Holan, inda ake cewa "piepen". Ta biyu, mai nufin leƙe ko satar kallo ta wata 'yar kafa, ta biyo baya a cikin ƙarni na 15, kuma masana da yawa suna danganta ta da "peek", wadda tsohuwar siffarta "piken" ce. Ina roƙon duk wanda ya taɓa cin karo da ita, a wurin aiki ko karatu ko tafiya, ya ba mu labari.

Mai kiwon kaji, Kano:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni a takardar da ta zo da injin ƙyanƙyasa na gamu da ita. An rubuta cewa daga kwana na 19 zuwa na 20 za a fara jin "peeping" daga cikin ƙwai, alhali ɓawon bai fashe ba, kuma a lokacin nan kada a riƙa buɗe injin don kada danshin ciki ya fice. Da kwanakin suka cika na kara kunnena a jikin murfin da dare, bayan gida ya yi tsit, sai ga siririn kuka yana fitowa daga ƙwayayen da ko tsaga babu a jikinsu, wani ya yi wani ya amsa. Abin da ke faruwa shi ne ɗan tsakon ya huda 'yar fatar da ke tsakaninsa da gurbin iskar da ke gefen ƙwai mai faɗi, ya fara numfashi da huhunsa, daga nan ne murya take samuwa.

Akwai wata kalma kusa da ita a takardar, "pip", wadda ake faɗa idan ya yi hudar farko a ɓawon. Bayan wannan huda yakan daɗe yana hutawa, wani lokaci ya kai yini, kana ganin kan bakinsa kawai yana motsi ta 'yar kafar, kafin ya zagaye ɓawon ya fito a kwana na 21. A wannan tsakanin ma'anonin biyu duka sun hau kansa, domin yana kukan kuma yana leƙen duniya ta kafar da ya huda. Tun daga ranar nake ganin ba mamaki Bature ya haɗa su a baki ɗaya, ko da asalinsu daban ne.

Tsohon ɗalibi a birnin Kwabentiri, Ingila:

Hajiya mai kiwon kaji ta kawo ta ɓangaren kunne, ni kuma zan kawo ta ɓangaren ido, kuma da nauyinta. A tsakiyar birnin da na yi karatu akwai wani dandali mai suna Broadgate, inda aka kafa mutum-mutumin wata mata a kan doki tun 1949, kuma a jikin wani gini da ke kallon dandalin akwai agogo. Duk lokacin da awa ta cika, sai wata ƙofa ta buɗe a ƙasan agogon, siffar matar ta fito a kan farin doki ta wuce ta shige ɗaya ƙofar, a sama kuma taga ta buɗe, kan wani mutum ya leƙo ya dube ta, sannan ya rufe idanunsa. Baƙi sukan tsaya da waya a hannu suna jiran wannan ɗan lokaci. Mutumin tagar shi ne "Peeping Tom".

Matar kuwa Godiba ce, wadda ta rayu da gaske a ƙarni na 11. Mijinta Liyofirik shi ne mai mulkin yankin Masiya, ya rasu a 1057, kuma su biyun ne suka kafa gidan ibada na sufayen Kirista a garin a 1043. Labarin da ake bayarwa shi ne ta dame shi da roƙon ya sauƙaƙa wa talakawan garin haraji, shi kuma ya ce zai yi idan za ta ratsa gari a kan doki ba tufa a jikinta, sai ta yi hakan, dogon gashinta ya rufe ta. Wannan labari bai shiga rubutu ba sai a ƙarni na 13, a littafin tarihin wani malamin coci mai suna Roja na Wendoba, kusan shekara 200 bayan zamaninta, kuma a wannan tsohuwar ruwaya babu Tom ko kaɗan. Daga baya ne, tsakanin ƙarni na 16 da na 18, aka ƙara cewa an umarci kowa ya shiga gida ya rufe taga, kowa ya bi sai wani tela da ya leƙa, nan take ya makance.

Abin da ya sa na daɗe a kan wannan shi ne sunan ya bar tatsuniya ya shiga maganar yau da kullum. Idan aka kira mutum da shi a Ingila ko Amurka, ana nufin mai laɓewa yana leƙen mata a ɗaki ko a banɗaki, kuma a Ingila da Wales wannan ɗabi'a laifi ce a ƙarƙashin dokar laifuffukan lalata ta 2003. Na ji wani ɗalibi ɗan ƙasarmu ya jefi abokin zamansa Bature da sunan cikin raha don ya duba allon kwamfutarsa, fuskar Baturen ta canza nan da nan, sai da aka shiga tsakani aka yi bayani. Ina ba Malam shawara ya gaya wa ɗalibansa cewa idan duban ɗan lokaci mara laifi ake nufi, "peek" ta fi aminci a baki, domin "peep" takan ɗauko warin laɓe.

Malamar Islamiyya, Katsina:

Ɗan'uwa ya yi gaskiya game da nauyin kalmar. Na gamu da ita a fassarar Turanci ta hadisin Sahlu ɗan Sa'adu da ke cikin Bukhari da Muslim, inda wani mutum ya leƙa ta wata kafa cikin ɗakin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka tsawatar masa, aka kuma bayyana cewa saboda gani ne aka shar'anta neman izini. Mai fassarar "peep" ya zaɓa, kuma a ganina ya dace, domin abin da aka hana shi ne kallo ta kafa ba da sanin masu ɗaki ba. Ita ce kuma kalmar da ke cikin "peephole", wato 'yar kafar gilashin da ake sawa a ƙofa don na ciki ya ga mai ƙwanƙwasawa, sai dai a nan mai gida ne ke leƙen waje, wanda haƙƙinsa ne.

Malamin makaranta, Maraɗi:

Mu da muka yi boko da Faransanci ta wata ƙofa muka shigo wa kalmar. Da na fara koyon Turanci a kwaleji, ma'anar kuka ce ta fara zauna mini, domin a Faransanci ana cewa "pépier" ga kukan ƙananan tsuntsaye, kuma Latin ma tana da "pipare" da "pipire" a wannan ma'ana. Ma'anar leƙen ce ta zo mini a matsayin baƙuwa, akasin 'yan'uwanmu na Nijeriya. Ranar da malaminmu ya rubuta "not a peep" a allo, ya ce ana faɗa wa yara haka idan ana so su yi shiru ƙus, sai muka gane ta nan take, saboda Bafaranshe yana cewa "ne pas piper mot", mu kuma muna cewa ko uffan bai ce ba.

Akwai wani abu da ya kamata a sani game da wannan "piper". A Faransa ta dā maharba tsuntsaye sukan ɓuya a cikin bukkar ganye suna busa abin da ke kwaikwayon kukan tsuntsu, tsuntsaye su taru su maƙale a rassan da aka shafa wa danƙo, kuma sunan wannan farauta "pipée". Daga nan kalmar ta samu ma'anar yaudara, har ana kiran ɗiyan caca da aka yi wa maguɗi "dés pipés". Wasu masana asalin kalmomi na ƙarni na 19 sun yi amfani da wannan hoto na maharbin da ke laɓe yana busa yana kuma leƙen tarkonsa don su haɗa ma'anonin "peep" biyu a tushe ɗaya. Bayanin yana da daɗin ji, amma ƙamusoshin yanzu sun fi karkata ga dangantakar da Malam ya ambata da "peek", kuma ni ma can na fi karkata, domin kyan labari ba ya zama hujja.

Mai fassara wa'azi a coci, Jos:

Gaisuwa ga kowa. A aikina na tsayawa kusa da mai wa'azi ina mayar da Turancinsa Hausa, na gamu da kalmar a Littafin Ishaya, sura 8 aya 19, a tsohuwar fassarar Sarki Yakubu ta 1611, inda aka ambaci bokaye "that peep, and that mutter". Baƙon mai wa'azin da ya karanta ayar ya ɗauki lokaci yana bayanin cewa bokaye suna leƙen asirin mutane, ni kuwa Littafi Mai Tsarki na Hausa yana buɗe a hannuna, kuma maganar murya na gani a wurin. Bayan an tashi muka zauna da shi muka duba. Kalmar Ibraniyancin da ke ƙarƙashin ayar ita kanta kwaikwayon kukan tsuntsu ce, ana siffanta 'yar siririyar muryar da masu kiran matattu suke yi don a ɗauka daga ƙasa take fitowa, shi ya sa wasu sababbin fassarorin Turanci suka sa "chirp" a gurbinta, wasu kuma suka sa kalmar raɗa. A sura 10 aya 14 ma an sake amfani da ita, inda ake maganar kwashe ƙwai daga sheƙa ba tare da wani tsuntsu ya kaɗa fiffike ko ya buɗe baki ya yi kuka ba. Mutumin nan da Turanci ya tashi, amma ma'anar leƙe ta rinjayi ɗayar a kunnensa har ya karanta ta a inda ba ta.

Ma'aikaciyar jinya, Kaduna:

Tawa gajeriya ce, amma ina so a raba ta da sauran. A ɗakin kulawa ta musamman za ka ji likita ya ce a ƙara "PEEP" ko a rage, kuma an rubuta ta da manyan baƙaƙe a fuskar na'urar taimakon numfashi. Wannan harufan farko ne na wasu kalmomi, ma'anarsu matsin iskar da na'urar take bari a huhun majiyyaci a ƙarshen fitar numfashi don kada ƙananan jakunkunan iskar huhu su manne, kuma sau da yawa daga lamba 5 a ma'aunin na'urar ake farawa. Ba ta da alaƙa da leƙe ko kuka. Na ga 'yan'uwan majiyyaci sun ji ta sun ɗauka ƙarar da na'urar take yi ake nufi, har wani ya roƙi a rage don mahaifinsa ya samu barci, sai da na zaunar da shi na yi masa bayani.

Ɗalibin tarihi, Sakkwato:

Malam, da izininka zan ƙara wata fuska da ba a taɓo sosai ba. Ina karanta tarihin Ayalan na ci karo da wata ƙungiya mai suna "Peep o' Day Boys", 'yan Furotesta ne na yankin Arma a arewacin tsibirin, waɗanda a shekarun 1780 da 1790 suke afka wa gidajen 'yan Katolika da sunan neman makamai. Sunan ya fito ne daga lokacin da suke kai farmaki, domin "peep of day" tsohuwar magana ce da ke nufin ketowar alfijir, kuma tana cikin Turanci tun ƙarni na 16. A ranar 21 ga Satumba 1795 suka gwabza da ƙungiyar Katolika ta "Defenders" a wata mararraba kusa da ƙauyen Lokgol, kuma bayan wannan faɗa ne aka kafa ƙungiyar 'yan Furotesta ta Orange da ke nan har yau.

A wannan amfani babu mai kallo kuma babu mai kuka, abu ne yake ɗan ɓullowa daga inda yake ɓoye, kamar yadda ake faɗar ta ga rana idan ta fito ta tsakanin gajimare, ko tsiro idan ya huda ƙasa bayan ruwan fari. Ƙamusoshi suna sa ta a ƙarƙashin gidan leƙe, kuma Hausa ma ta yarda da haka, tunda mukan ce rana ta leƙo. Ɗalibai za su fi yawan haɗuwa da wannan a waƙoƙin Turanci da ake sawa a jarrabawar adabi, saboda haka ina ganin ya dace a koyar da ita tare da sauran biyun.