Maigidana soja ne kuma giya ta kama shi, ta ina za mu fara kafin ta ci masa aiki?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum. Maigidana kofur ne a sojan ƙasa, bai daɗe da dawowa daga Borno ba. Kullum da yamma sai ya sha manyan kwalabe huɗu a kasuwar mami ta cikin bariki, wani lokaci ya ɗora da 'yar leda (barasa mai ƙarfi ta cikin ƙaramar leda) biyu ko uku. Da safe hannunsa na rawa har sai ya kurɓa, barci kuma ba ya zuwa sai ya sha. Yanzu da bakinsa ya ce ranar da azumi ya kama ya bari ke nan. Amma ya ƙi zuwa asibitin bariki, yana tsoron magana ta kai kunnen kwamanda. Don Allah masu sani ku ba mu shawara.

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, niyyarsa ta yi kyau, amma yadda ya tsara abin akwai haɗari. Mutumin da hannunsa ke rawa da safe, rawar ba ta lafawa sai ya sha, jikinsa ya riga ya dogara da barasa. Irinsa ba ya yankewa rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki.

Ga yadda abin ke tafiya. Awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe karkarwa ke farawa, da zufa, tashin zuciya da bugun zuciya. A cikin kwana biyun farko wasu kan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya. Mafi muni shi ne kwana na 2 zuwa na 4: zazzaɓi, ruɗewa, ya daina gane mutanen gidansa, ya riƙa ganin ƙwari ko macizai a bango yana kaɗe jikinsa. A nan iyali ke cewa aljanu ne, a ɗauko mai ruƙiyya, a ɓata kwana biyu. A yi addu'a, amma a yi ta a gefen gadon asibiti, don wannan matakin yana kisa. Ga azumi kuma: ba ruwa, ba abinci, sukari ya sauka a jini, abin ya ninku.

A asibiti sukan ba da diazepam ko makamancinsa, a riƙa rage shi a hankali cikin kwana 5 zuwa 7, ana duba hawan jini da bugun zuciya. Sukan haɗa da allurar bitamin B1, kuma a ƙa'ida ita ake fara yi kafin ƙarin ruwa mai sukari ko a yi su tare, saboda mashayi yakan rasa wannan bitamin, rashinsa kuma na lalata ƙwaƙwalwa. Ku roƙi a gwada hantarsa, a duba ciwon hanta nau'in B ma. Kada ki kuskura ki sayo masa diazepam a kemis. Idan ya haɗu da giya yana danne numfashi, kuma shi kansa yana kama mutum.

Saboda haka a fara tun sauran wata guda azumi. Kafin ya ga likita, ya soma da barin 'yar leda da ogogoro, sauran kuma ya rage kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma duk bayan kwana huɗu, yana cin abinci kafin ya sha. In ya taɓa faɗuwa yana jijjiga a baya, ko ragewar ma kada ya gwada a gida.

Tsohon Samanja:
Abu Sumayya ya gama maganar jiki, bari in taɓa ta aiki. Baiwar Allah, ki gaya wa kofur cewa maye laifi ne a dokar soja ta Najeriya, kuma ya fi nauyi idan mutum na bakin aiki, musamman a gadi da bindiga a hannu. Hukunci kan fara daga gadirum da yankan albashi, ya kai ga cire igiya, in abin ya yi ta maimaituwa a kore shi. Wanda ya kai kansa wajen likita mara lafiya ne. Wanda aka tsinta a buge a bakin get mai laifi ne. Wace ƙofa ya fara shiga, ita ke yanke yadda za a dube shi.

Ya kuma daina tunanin ba wanda ya sani. Ki yi lissafi: babbar kwalba mai santilita 60 tana da kusan giram 24 na barasa, huɗu sun kusa 100, 'yar leda mai mililita 30 kusan giram 10 ce. Wajen 120 ke nan a dare ɗaya. Hanta kuwa abin da take iya ƙonewa a awa bai wuce giram 8 zuwa 10 ba. Wanda ya fara ƙarfe 7 na yamma, a faretin safe da saura a jininsa. Wanka da ruwan sanyi, goro, shayi mai kauri, babu wanda ke hanzarta hanta. Sajen da ke tsaye gabansa yana jin warin.

Hanyar ita ce ya yi rahoton rashin lafiya da safe kamar kowa, ya ga likitan bataliya a MRS, wato ƙaramin asibitin bariki, ya faɗi ainihin abin da yake sha, kada ya rage. Daga can ake tura mutum gaba, misali Asibitin Sojoji na 44 da ke Kaduna, ko asibitin gwamnatin tarayya na masu larurar ƙwaƙwalwa, irin na Barnawa a Kaduna, na Maiduguri ko na Kware a Sakkwato. Ba zan ce miki sirri ne ɗari bisa ɗari ba. Idan likita ya rubuta masa hutun aiki ko ya ce a ɗauke shi daga gadi, na sama da shi za su san akwai dalili. Amma takardar likita kariya ce. Babban kuskure shi ne ya sulale ya kwanta a asibitin waje ba fas ba takarda. Nan take za a rubuta shi cikin waɗanda suka bar aiki ba izini, laifi ya zama biyu.

Malama Binta:
Ni abin da ya tsaya mini shi ne barcin nan. A tambaye shi a hankali, ba gaban yara ba: yana mafarkin daji? Yana zabura in an buga ƙofa ko taya ta fashe? Yana ƙin zama inda bayansa ke kallon ƙofa? In haka ne, giyar magani ya mai da ita, kuma in an cire ta ba a taɓa firgicin ba, komawa zai yi. Giya na sa barci da wuri, amma tsakar dare in ta fara sakin jiki sai mutum ya farka, mafarkan su dawo da ƙarfi. Makonnin farko bayan ya bari barcin zai ƙara lalacewa kafin ya gyaru. Ya san da haka tun yanzu, kada ya ɗauka maganin ne bai yi ba. Wannan ɓangaren aikin likitan ƙwaƙwalwa ne da zaman tattaunawa a kai a kai.

Akwai ƙwayar rage sha'awar giya, naltrexone, miligiram 50 a rana, likita ke rubutawa bayan gwajin hanta. Sai dai dole ya faɗi gaskiya in yana shan tiramol ko kodin. Ba a haɗa su. Sai an yi kwana 7 zuwa 10 babu su a jiki, in ba haka ba ƙwayar farko za ta jefa shi cikin mummunan hali. Tiramol da giya kuma su kansu suna jawo jijjiga.

Sauran aikin na gida ne. Ranar da albashi ya shiga ita ce ranar faɗuwa, don haka ku yi yarjejeniya katin banki ya kwana a hannunki kwanakin farko, a biya bashin mai shagon mami a rufe littafin. Tsakanin magariba da ƙarfe goma ya samu abin yi tare da wani, ko limamin bariki ko abokin da ba ya sha. In ya zame ya sha rana ɗaya, kada a yi masa taron dangi, a koma wajen likita a satin. In kuwa kika ji yana cewa ya gaji da duniya, ko gara ya mutu, wannan ba ta jiran safiya: ki sanar da likita ko samanjansu a daren, a nesanta shi da makami.

Maman Khalifa:
Na gode, Allah Ya saka. To in ya ƙi zuwa, ni zan iya samun likitan da kaina?

Tsohon Samanja:
Za ki iya, iyalin soja na ganin likitan bariki. Amma ki fara sanar da shi za ki je, kada ya ji a bakin wani ya ɗauka ƙararsa kika kai. Ki tafi da takarda da kika rubuta abin da ya sha kowace rana na mako guda, da lokacin da rawar hannun ke farawa. Likita za ki fara gani, ba ofishin kwamanda ba.