Neman kalma: me za mu kira "enzyme" na tsoka da Hausa?

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji:
Assalamu alaikum malamai. Ina rubuta 'yar takardar da za mu riƙa ba masu zuwa ɗibar jini, sai kalmar "enzyme" ta tsaya mini a wuya. Ga abin da nake so in faɗa: wanda ya ɗaga ƙarfe, ko ya yi gudu mai nisa, ko ya wuni yana huɗa bayan ya daɗe bai taɓa fartanya ba, wasu abubuwa da ke cikin tsokarsa, waɗanda ake kira "enzyme", sukan fito su shiga jini. Babbansu shi ne creatine kinase, wato CK a taƙaice. Yakan kai ƙololuwa tsakanin kwana 1 zuwa 4, kuma yakan yi mako guda ko fiye kafin ya sauka. In aka ɗebi jini a tsakanin nan, sai mutum ya koma gida hankali a tashe alhali lafiyarsa ƙalau. Na rubuta "sinadarin tsoka", amma bai kwanta mini ba.

Malamin Hausa:
Wa'alaikumus salam, Malama. Dole ya ƙi kwanta miki. Gishiri sinadari, taki sinadari, maganin sauro ma sinadari. Kalmar ta yi aiki har ta gaji. Wani Bajamushe ne, Wilhelm Kühne, ya ƙirƙiro "enzyme" a shekarun 1870 daga Girkanci, ma'anarta "a cikin yisti". Mu kuma in ƙullu ya tashi cewa muke ya yi tsami, wanda ya sha aiki ma cewa yake jikinsa ya yi tsami. Me zai hana mu ce "ɗan tsami"?

Likita:
Allah ya gafarta Malam, dabarar ta yi kyau a kunne, amma za ta ɓatar da mutane. Da ma 'yan motsa jiki sun ɗauka asid ɗin da ke taruwa a tsoka ne ke kawo tsamin jiki na washegari, alhali shi wannan jiki kan share shi cikin sa'a ɗaya ko biyu. In muka ce "ɗan tsami", mun ƙara wa kuskuren gindin zama. CK ba shi ke sa ciwon ba. Aikinsa a cikin tsoka shi ne sake cika ma'ajiyar kuzari nan take, a daƙiƙun farko na tsere ko ɗaga nauyi. Sai ƙwayoyin tsoka sun ɗan ji rauni yake fitowa, musamman a aikin da tsoka ke miƙewa tana ɗauke da nauyi, kamar gangarowa daga tudu ko sauke ƙarfe a hankali. Wani jikinsa ya yi tsami sosai amma lambar CK a gwajin jininsa ba ta hau can ba, wani kuma akasin haka. Abin da ya haɗa duk dangin "enzyme" shi ne suna gaggauta aiki a jiki ba tare da su sun ƙare ba.

Ɗalibi:
Malamai, ku yi mini afuwa in sa baki. Masu Swahili "kimeng'enya" suke cewa, daga kalmarsu ta narkar da abinci. Mu ce "manarki" mana.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji:
Ƙanena, na yawu da na ciki kaɗai za ta kama. Ruwan tumfafiya da Fulani ke sa wa madara don yin cuku, da irin wannan abin yake aiki, kuma daskarar da madarar yake yi. CK ma ba ya narkar da komai.

Wani daga Damagaram:
Ni dai a ganina a ari kalmar kawai, yadda aka ari asibiti da likita ba wanda ya mutu. Sai dai ku a Kano "enzayim" kuke ji, mu nan da Faransanci "anzim" muke ji, 'yan uwanmu na Sudan kuwa "inzim" ta Larabci suka sani. Ta ukun ta fi sauƙi a bakin Bahaushe, kuma kowa zai gane ta.

Malamin Hausa:
Na janye tawa. Inzim, namiji: inzim ɗin tsoka, inzim ɗin hanta. Jam'i inzimai. A karon farko a bi shi da bayani, "abin da ke gaggauta aiki a jiki", daga nan a bar shi ya yi tafiyarsa. Roƙona ɗaya, a rubuta tsoka, kada a rubuta jijiya. Mutanenmu komai jijiya ne a wurinsu, ta jini, ta laka, har da agara.

Mai horar da 'yan ɗaga ƙarfe:
Likita, ranka ya daɗe, to yarana da ake ce wa hantarsu ta taɓu fa?

Likita:
Nan ne ma suna ya fi yin ɓarna. AST da ALT, su ma inzimai ne, "gwajin hanta" muke kiransu, amma akwai su a tsoka, musamman AST. A wani bincike da aka buga a 2008 daga Suwidin, maza 15 masu lafiya da ba su saba ɗaga ƙarfe ba sun yi sa'a ɗaya suna ɗagawa. AST da ALT da CK suka hau, suka zauna a sama aƙalla kwana 7, amma GGT, wani inzim ɗin gwajin hanta, bai fita daga iyakarsa ba, don shi ba daga tsoka yake fitowa ba. Shi ya sa in na ga AST ya hau a jikin matashi mai ƙirar ƙarfi, sai na nemi CK da GGT kafin in ambaci hanta. Ban ce a yi sakaci ba, ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasarmu, a gwada shi. Akwai kuma batun iyaka, wato lambar da in sakamako ya wuce ta ake cewa ya hau. Ɗakunan gwaji da yawa kusan 200 suke sa wa CK, amma binciken da aka yi a Amsterdam, aka buga a 2007, ya samu iyakar sama ta maza baƙar fata ta kai kusan 800, ta maza Turawa kuwa 300 da ɗoriya.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji:
Saura fi'ili. Na so in ce "yoyon tsoka".

Malamin Hausa:
Kul, Malama. Duk macen da ta ji "yoyo" a asibiti, yoyon fitsari za ta tuna. Ki ce "ya zubo cikin jini".

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji:
To ga yadda ta tsaya: "Aikin ƙarfi yakan sa inzim ɗin tsoka ya zubo cikin jini. In gwajinka ba na gaggawa ba ne, ka huta da motsa jiki mai tsanani na mako guda kafin ɗibar jini. In ka riga ka yi, ka faɗa mana."

Likita:
Ta yi, Malama, amma ki ƙara layi biyu. Wanda aka yi wa allura a tsoka kwanan nan, ko yake shan maganin rage kitsen jini na dangin statin, shi ma ya faɗa, don suna ɗaga CK. Wanda kuma fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi bayan atisaye, ga kumburin tsoka da kasala, kada ya jira mako. Wannan tsoka ce ta farfashe sosai, abin da ta zubar yana iya lalata ƙoda, ya taho asibiti a ranar.