Neman kalmar Hausa: makamashi ko kuzari a darasin fiziks?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa ɗalibai. Ina so mu tsayar da magana a kan kalmar da Turawa ke kira energy, domin a ganina fassarar da ta fi yaɗuwa, wato makamashi, tana rikita ɗalibi a aji, ko da yake ta zauna daram a bakin 'yan jarida.

A ajin farko na babbar sakandare ake haɗa mu da abubuwa uku a darasin fiziks: force, energy da power. Malaminmu yakan karanta bayanin da Turanci, sa'an nan ya juya Hausa don mu gane, kuma a nan ne matsalar take tasowa, saboda duka ukun ƙarfi yake ce musu. Ba laifinsa ba ne, haka muke magana: ƙarfin mutum, ƙarfin inji, ƙarfin wuta. Amma a lissafi kowanne da ma'auninsa. Na farko da niyuton ake auna shi, na biyu da jul, na uku da wat, kuma ɗalibin da ya cakuɗa su a jarrabawar WAEC ko NECO ya rasa makin tambayar, ko da kuwa ya haddace ƙa'idar.

Ga misali. Buhun shinkafa mai kilo 50 yana bukatar ɗagawa ta kusan niyuton 490 kafin ya bar ƙasa. Wannan turi ko ja shi ne force, kuma ba ni da ja da a bar masa sunan ƙarfi. Idan ɗan dako ya ɗora buhun a kan mota mai tsayin mita ɗaya, ya kashe kusan jul 490, kuma abin da ya kashe ɗin ne muke nema wa suna. Idan ya yi hakan cikin daƙiƙa ɗaya, abokinsa kuma ya yi cikin daƙiƙa 5, abin da suka kashe ɗaya ne, sai dai na farko ya yi aiki a wat 490, na biyu a wat 98.

To, me ya sa makamashi ba zai yi ba? Makamashi a Hausa abin da wuta ke kamawa ne: itace, kara, gawayi, kananzir, fetur. Abu ne da ake saye, a ƙona, ya ƙare. Amma babbar ƙa'idar da ake koya mana ita ce abin da muke magana a kansa ba ya ƙaruwa kuma ba ya raguwa, sauya kama kawai yake yi. Idan aka ce wa yaro makamashi ba ya ƙarewa, alhali kullum yana ganin itacen murhu ya koma toka, zai rubuta maganar a littafinsa ba tare da ta shiga kansa ba, kuma yana da gaskiya. Bayan haka, a madatsar ruwan Kainji da aka kammala a 1968 ba a ƙona komai. Ruwan kogin Neja ne ke gangarowa ya juya injuna su ba da lantarki. Haka nan farantin sola da ke kan rufi ba ya cin makamashi, hasken rana yake juyawa. Dutsen da ke faɗowa daga sama yana ɗauke da wani abu da za a iya aunawa da jul, amma babu Bahaushen da zai yarda cewa akwai makamashi a jikinsa.

Shawarata ita ce a ce kuzari. Mun riga mun san cewa abinci yana ba da kuzari, kuma wannan daidai yake da abin da kimiyya ke faɗa, tun da kalori ɗaya na abinci, irin wanda ake rubutawa a jikin kwali, ya kai jul 4,184. Kalmar kuma tana karɓar ƙari cikin sauƙi: kuzarin motsi ga abin da ke tafiya, ajiyayyen kuzari ga ruwan da ke bayan madatsa ko dutsen da ke kan tudu, kuzarin zafi, kuzarin haske, kuzarin lantarki. Da haka za a iya faɗin labarin Kainji a jimla guda: ajiyayyen kuzarin ruwa ya zama kuzarin motsi, wannan kuma ya zama kuzarin lantarki. Makamashi sai ya koma matsayinsa na gaskiya, wato abin da kuzari ke ajiye a cikinsa har sai an ƙona shi.

Na san za a ce kuzari na mai rai ne, dutse ba shi da shi. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma na daɗe ina juya ta. Sai dai ita ma kalmar Turancin daga Girkanci ta fito da ma'anar himma da motsawar aiki, kuma sai a 1807 wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Thomas Young, ya yi amfani da ita a ma'ana mai kusa da ta yau, har kunne ya saba. Mu ma mun riga mun yi wa kalmar aiki irin wannan: a fiziks, wanda ya yini yana tura bango bai yi aiki ba, tun da bangon bai motsa ba, kuma mun karɓi hakan cikin darasi guda. Miƙa kuzari daga mai rai zuwa marar rai ya fi sauƙi a kan tilasta wa makamashi ma'anar da ta saɓa wa abin da ido ke gani.

Ba na neman 'yan jarida su daina cewa ma'aikatar makamashi ko makamashin nukiliya. A can ana nufin harkar mai da gas da lantarki ne, kuma kalmar ta riga ta bi jiki. Maganata a kan allon aji ce da littafin ɗalibi.

Saura power. Iko ba zai yi ba, don na mulki ne. Tun da wat ɗaya jul ɗaya ne a kowace daƙiƙa, ina ba da shawarar saurin kuzari: ƙwan lantarki mai wat 60 yana shan jul 60 a daƙiƙa, yunit ɗin da mitar lantarki ke ƙirgawa kuwa kuzari ne, jul 3,600,000. Ina roƙon malaman fiziks su gwada waɗannan kalmomi a aji su faɗa mana yadda ɗalibai suka karɓe su. Haka kuma 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da ke koyon darasin da Faransanci, su sanar da mu abin da malamansu ke cewa idan sun juya Hausa, don kada a tsayar da kalma ɗaya a Kano wata daban a ƙetaren iyaka.