Masu asma da nimoniya ta kwantar a asibiti: yaya kuka yi?

Mai ɗinki, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana shida Mma tana kwance a asibiti a nan Kumasi. Ta daɗe da asma, mun saba: hunturu ya shigo, ta shaƙi shuɗin inhela, ta warware. Wannan karon mura ta ɗauka wajen jikokinta, kwana uku sai zazzaɓi, inhela kuma ya daina yi mata aiki. Likita ya ce nimoniya ce ta bairas. Har yanzu tana kan oksijin. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mana abin da ya gani, hankalina a tashe yake.

Direban trotro, Asawase:
Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Mma lafiya. Ni kaina na kwanta a 2021, lokacin korona. Shekara ashirin ina fama da asma, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Ba na iya kai magana ƙarshe, kalma biyu sai in tsaya. Kwanciya ta gagara, a zaune nake kwana, na dafa gwiwa. Da aka maƙala min na'urar auna oksijin a yatsa ta nuna 86, sai na ga nas ta ajiye abin da ke hannunta ta ruga. Aka ɗaura min abin turaren magani a fuska, yana huci. In an gama, hannuna ya yi ta rawa, zuciya na bugawa kamar ganga. Na tsorata, ashe aikin maganin ne. Kwana goma sha ɗaya na yi. Abin da ban sani ba shi ne, sallama daga asibiti ba ita ce warkewa ba: kusan wata biyu kafin in iya zuwa masallacin unguwa ban tsaya hutawa a hanya ba.

Nas, Sabon Zango:
Yaya, sannu da jinya. Ciwo biyu ne suka haɗu. Asma tana matse hanyoyin iska, nimoniya kuma tana cika 'yan jakunkunan huhu da ruwa. Inhela yana buɗe hanya, amma ba ya kwashe ruwan, shi ya sa ake jinkiri a kan oksijin. Antibayotik ba ya kashe bairas. In kin ga an ba ta, don bakteriya kan biyo baya ne. Ana yawan ba masu asma prednisolone, maganin rage kumburin hanyoyin iska, shi kuwa yana ɗaga suga, in Mma na da ciwon suga ki tabbatar likitoci sun sani. A wajen aiki abin da ya fi tsorata ni shi ne ƙirjin da ya yi tsit. Dangi su ce alhamdulillahi, kukan ƙirjin ya daina, alhali iskar ce ba ta shiga. In kin ga haka tare da magagi, ko leɓe ya canza launi, kira nas nan take.

Mai sayar da atamfa, Kejetia:
Haka muka rasa ƙanena. Dare biyu muna sintiri kemis, muna cewa ai asmarsa ce. Ranar da muka kai shi asibiti, katin inshorar lafiyarsa na NHIS ma ya ƙare. Ku duba naku tun yanzu, ana sabuntawa a waya ta *929#. Har yau in na tuna daren farko sai hawaye.

Malamin makaranta, Asokore Mampong:
Allah ya jiƙansa, Hajiya. Mu da aka sallami ɗiyata, gida muka gyara kafin ta dawo. Mun daina kunna koyil na sauro, mun koma gidan sauro. Murhun gawayi ya fita tsakar gida, turaren wuta kuwa sai da na roƙi uwarta ta haƙura.

Mai ɗinki, Aboabo:
Amin, Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, Allah ya ba ku haƙuri. Da safen nan Mma ta sha koko rabin kofi, na'urar ta nuna 94, sun rage oksijin kaɗan. 'Yar uwa nas, eh tana da suga, yanzu zan je in faɗa musu.